Shingen Ekarfan da itatuwan Galma

 

A watan Satumba na 2024 labari ya fito daga Bamako cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun ƙulla yarjejeniya da kamfanin Glavkosmos na ƙasar Rasha domin samun taurarin ɗan Adam, na sadarwa da na ɗaukar hoton ƙasa daga sama. Tun lokacin maganar kan taso jefi-jefi a fada wajen shan shayi. Wani ya ce ai mun shiga sahun manya, wani ya ce mai neman tiyar hatsi ina ruwansa da sararin samaniya. Ni kuwa a ganina duka biyun sun tsallake wani abu. Ƙasar nan tamu ta Adar da Azawak an fi shekara hamsin ana ɗaukar hotonta daga sama, mun sani ko ba mu sani ba, kuma an sha yanke mana hukunci da waɗannan hotuna alhali ba ma wurin. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yin tashe a duniya ma, yamma da Takanamat aka ɗauke shi, ba wata uwa duniya ba.

Mu koma 1972. Ranar 23 ga Yuli na wannan shekara hukumar NASA ta Amurka ta harba wani tauraro da aka fara kira ERTS, daga baya aka sake masa suna Landsat. Ba don kallon wata ko taurari aka ƙera shi ba, ƙasa ya sa wa ido. Yana shawagi a tsayin kilomita wajen 900, yana bi ta kan kowane wuri sau ɗaya a kwana 18, kowane hoto nasa kuma yana cin fili mai faɗin kilomita 185. Sai dai idonsa ba shi da kaifi. Ɗigo guda a cikin hoton daidai yake da wajen rabin hekta a ƙasa. Ba ya ganin saniya, ba ya ganin bukka, balle mutum. Gwanintarsa ita ce rarrabe ɗanyen ganye da ƙasa tsirara, domin ganye mai rai yana mayar da wani irin haske wanda idon ɗan Adam ba ya kamawa, na'urar kuwa tana kama shi sarai. Ku riƙe wannan, domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya rataya.

A ƙarshen shekarar, ranar 7 ga Disamba, ƴan sama jannatin Apollo 17 da ke kan hanyarsu ta zuwa duniyar wata suka waiwayo suka ɗauki hoton nan da kowa ya sani, na duniya cikakkiya, shuɗiya, tana rataye cikin duhu. Afirka ce ta cika hoton, Sahara ta yi jawur daga sama. Mutanen Turai da Amurka suka yi ta yaba kyansa. Mu a nan, a wannan watan, daminar 1972 ta riga ta ƙi, rumbuna sun soma ƙara idan an buga su.

Dattawanmu ba sa buƙatar a ba su labarin farin 1973. Sun ga shanu suna faɗuwa a bakin rijiya, sun ga Abzinawa da Fulani masu garke ɗari sun wayi gari da sanda kaɗai, sun ga ayarin mutane ya nufi Tawa da Ƙonni da Sakkwato. Wasu ma za su tuna cewa a tsakiyar wannan masifa, ranar 30 ga Yuni, rana ta yi husufi. Inda duhun ya fi daɗewa a duk duniya, minti bakwai da ƴan daƙiƙoƙi, cikin hamadar arewacin Nijar ne, can sama da Azawak wajen iyakar Aljeriya. A wannan rana masana taurari daga Faransa da Ingila da Amurka suka shiga jirgin Concorde, suka tashi daga tsibiran Kanari, suka bi inuwar wata da gudun da ya ninka na sauti, suka zauna cikin duhun har minti 74 kafin su sauka a Fort-Lamy, wadda yau ake kira Njamena. Ta kanmu suka wuce. Ba laifi nake ɗora musu ba, aikinsu suka yi, kuma aiki ne mai kyau. Na kawo shi ne don ku ga tazarar da ke tsakanin mai kallo daga sama da wanda ake kallo a wannan shekara.

To, a cikin hotunan da Landsat ya turo lokacin farin, wani masanin aikin gona a birnin Washinton mai suna Norman MacLeod ya ci karo da abin da ya ɗaure masa kai. Duk yankin ya yi fari fat, ba alamar tsiro, sai wani fili guda mai kusurwa biyar da ya fita daban, cike da ciyawa. Gefunansa a miƙe suke sak, irin miƙewar da daji bai iya ba, sai hannun mutum. Da aka bincika sai aka tarar gandun kiwo ne na Ekarfan, tsakanin ƙasar Tawa da ta Filinge, wajen Abala. An kafa shi a 1968, hekta wajen 110,000, an kewaye shi da waya mai ƙaya, an raba shi gida biyar, dabbobi na cin gida ɗaya sauran suna hutawa. Mujallar Science ta buga labarin a 1974, daga nan ya bazu.

Ku ji fassarar da aka yi masa. Aka ce, ruwan da ya sauka cikin shinge shi ne ya sauka a waje. Ciki ga ciyawa, waje babu. Ashe ke nan ba fari ba ne ya kashe ƙasar, makiyaya ne da yawan dabbobinsu. Wani masani Ba'amurke, Garrett Hardin, wanda tun 1968 yake cewa duk abin da jama'a suka yi tarayya a kansa ƙarshensa lalacewa, ya ɗauki hoton ya mai da shi hujja, ya ce ga amfanin fili mai mai shi, ga kuma sakamakon fili na kowa da kowa. Ɗalibai a jami'o'in duniya sun yi shekaru suna karanta wannan misali ba tare da sun taɓa jin sunan Abala ba.

Gani ya kori ji, in ji Bahaushe, kuma hoton bai yi ƙarya ba. Ciyawar tana nan, shingen yana nan. Amma mai hangen kasuwa daga kan dutse taro kawai yake gani, ba ya jin ciniki.

Na farko dai, gandun ba na wani attajiri ba ne, na kamfanin gwamnati ne, SONERAN. Wannan kaɗai ya isa ya girgiza hujjar. Sa'an nan hoton bai nuna cewa a cikin shinge an ƙayyade yawan dabbobin da za su shiga ba, alhali a waje akwai dabbobin kowa, har da na mutanen da aka zare wa hekta 110,000 daga wurin kiwonsu na gado. In ka rufe wani yanki ka tura masu shi waje, dole ciki ya yi kyau waje ya ƙara lalacewa, ba sai an tashi tauraro kafin a san haka ba. Hoton bai nuna cewa a shekarun 1950 da 1960, da damina ta yi ta kyau, gonaki sun yi ta hawa arewa suna cin makiyaya ba, har gwamnati ta kafa doka a watan Mayu na 1961 ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba. Mu mutanen Takanamat a bakin wannan iyaka muke zaune, mun kuma san yadda aka yi ta tsallake ta.

Babban abin da hoton ya kasa gani shi ne rijiya. A al'adar Azawak rijiya tana da mai ita. Baƙo ya zo da garkensa ba a hana shi ruwa, haram ne, amma sai ya yi sallama, ya nemi izini, a faɗa masa kwana nawa zai yi ya ƙara gaba. Da igiya da guga mai rijiya ke tsare ciyawar da ke kewaye da shi. Wannan doka ce, ko da ba a rubuce take ba. Da aka zo aka gina manyan tashoshin famfo a shekarun 1960, ruwa ya zama na gwamnati, wato na kowa, ba mai cewa ya isa. Garkuna suka taru daga ko'ina suka tattake kewayen kowace tasha. Edmond Bernus, Bafaranshen da ya daɗe yana nazari cikin Abzinawan wannan yanki, ya yi rubutu a kan haka. Wato filin da Hardin ya kira marar mai shi, da yana da masu shi da tsarinsa, zamani ne ya zo ya kwance tsarin. Hutar da fili ma da ake yabon gandun da shi, ai shi ne makiyayi ke yi tun kaka da kakanni: damina ta faɗi ya hau arewa, kaka ta yi ya gangaro. Shingensa tafiya ce. Sai a 2009 aka bai wa wata masaniya, Elinor Ostrom, kyautar Nobel saboda ta tabbatar da cewa jama'a na iya tsare dukiyar tarayya da dokokin kansu. Da an tambayi kowane mai rijiya a Tasara ko Cintabaradan, da an huta da jiran shekara talatin da biyar.

Ba ina wanke makiyaya tas ba ne. Akwai wuraren da kiwo ya wuce kima, yau ma akwai. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki hoto guda na shekara guda a yanke wa al'umma hukunci da shi.

Abin sha'awa, taurarin ne da kansu suka zo suka warware wani ɓangare na zargin. An daɗe ana cewa Sahara na tahowa kudu kilomita kaza kowace shekara ba ja da baya. A 1991 Compton Tucker na NASA da abokan aikinsa suka jera hotunan shekara goma sha ɗaya, daga 1980 zuwa 1990, suka bi gefen hamadar. Daga 1980 zuwa 1984 ta gangaro kudu da kilomita wajen 240. Daga 1984 zuwa 1985, da ruwa ya ɗan dawo, ta koma arewa da kilomita wajen 110 cikin shekara guda. Ashe gaba take yi tana baya, tana bin damina. A 2003 kuma Alessandra Giannini da abokan bincikenta suka nuna cewa babban abin da ke juya daminar Sahel shi ne ɗumi da sanyin ruwan tekuna. Akuyar Bafulatani ba ta da iko a kan tekun Atlantika.

Yanzu mu gangara kudancin jiharmu ta Tawa, mu ga ɗaya fuskar al'amarin, inda ido na sama ya makance ga alheri.

Bayan farin 1984 an yi aiki a Adar wanda duk mai shekaru ya shaida. Furojen Keita ya soma a wannan shekara da taimakon Italiya da hukumar FAO, mata suka ɗauki duwatsu a ka suka tare zaizaya a kan tsaunuka. A kwarin Magiya tun 1975 ake dasa layukan dogon yaro don karya iska. A ƙasar Illela da Badagishiri manoma suka mai da fako gona da ramukan tara ruwa, tassa da rabin wata. Amma aikin da ya fi duka girma ba shi da allo a bakin hanya, ba shi da mota mai tambari. Manomi ne kawai ya daina tumɓuke kututturen da ke tohowa a gonarsa. Ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ya sassabe sauran, ya bar su su tashi. Sassaben zamani ke nan, wanda Tony Rinaudo ya soma yaɗawa a ƙasar Maraɗi wajen 1983, ko da yake manoma da dama sun san dabarar tun da. Abin da ya ƙarfafa musu gwiwa shi ne sannu a hankali itacen gona ya tashi daga na ma'aikacin gandun daji ya koma na mai gona.

Shekara wajen ashirin ana wannan aiki, duniya ba ta sani ba. Rahotanni na ta cewa itatuwan Nijar na ƙarewa. Ina taurarin suke? Suna nan suna wucewa, amma Landsat na wancan lokaci ɗigonsa mita 30 ne, itace guda a tsakiyar gona ba ya cika shi. Ga kuma halin gawo, wanda shi ne ya fi yawa a gonaki da dama: da damina, lokacin da ake auna koren ƙasa, shi ya zubar da ganyensa, sai rani ya yi ya tsiro da sabo. Sai da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, tare da Chris Reij ɗan ƙasar Holan da masana ƴan Nijar, suka tono tsofaffin hotunan jirgin sama na 1975, suka ajiye su gefen sababbi, suka kuma shiga mota suka je gonakin da ƙafarsu. Hotunan ƙauyen Galma, a ƙasar Madawa, su ne suka fi yawo a duniya. A na 1975 ɗigon itatuwa tsilli-tsilli ne. A na 2003 sun cika fili, alhali mutanen garin sun ƙaru ba raguwa suka yi ba. A wasu garuruwan da aka auna, itatuwa sun ninka sau goma zuwa ashirin. Da aka haɗa lissafin kudancin ƙasar, musamman Maraɗi da Damagaram, aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200.

Ku lura da bambancin. A Ekarfan an ga hoto, aka yi fassara daga nesa, aka ɗora wa talaka laifi. A Galma sai da aka sauko aka tambayi mai gona kafin hoton ya yi magana. Duka biyu daga sama aka ɗauki hotunan, masu karatun ne suka bambanta.

Yau idon ya yi kaifi ƙwarai. Tun 2008 Amurka ta buɗe taskar Landsat kyauta ga kowa. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, waɗanda aka soma harbawa a 2015, ɗigonsu mita 10 ne, suna dawowa duk kwana biyar, su ma kyauta. A 2023 wasu masana suka yi amfani da hotuna masu kaifin rabin mita da kwamfuta suka ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya a busassun ƙasashen da ke kudu da Sahara, daga tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya, suka samu kusan biliyan goma. Yaron da ke riƙe da wayar salula a tashar Tawa yana iya buɗe taswira ya ga tabkin Tabalak, ya ga rufin gidansu, ya ga layukan rabin wata a kan fako.

Kuma ana cin moriyar abin a ƙasar nan, kada a ce ban faɗa ba. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 saboda wancan farin, da hotunan sama take bin sawun damina a duk Sahel. Masu yaƙi da fara suna duba inda kore ya fito a Tamesna da Abzin don su san inda za su tura mota kafin ta yi fiffike, domin ba wanda ya manta ɓarnar da ta yi a 2004. Gobarar daji ma daga sama ake fara hango ta a wurare da yawa. Wanda ya fi burge ni shi ne lissafin ciyawa da ma'aikatan kiwo ke yi duk ƙarshen damina. Ba sa yarda da hoto shi kaɗai. Sukan fita daji, su auna ɗan fili, su yanke ciyawar da ke ciki, su shanya, su ɗora a sikeli, sa'an nan su gwada da abin da tauraro ya nuna. Dalili kuwa kowane makiyayi ya san shi: tauraro kore kawai ya sani. Filin da garmani ya mamaye, ko tumfafiya, a hoto ya fi filin ƙarangiya kyau, amma ka kai garke can ka ga abin da zai ci. Hoto ba ya nuna ciyawar da ke da nisan kwana biyu da ruwa, ba ya nuna wadda rashin tsaro ya hana kowa zuwa, kuma mu a wannan yanki mun san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Inda nake jin tsoro shi ne wajen filaye. A ɗauki hoton dajin arewa da Takanamat a watan Afrilu, ba garke, ba zango, ba kowa. A kai shi wani ofishi a shimfiɗa a tebur, mai kuɗi ya sa yatsa ya ce ga fili ba mai shi, a ba ni in kewaye. Burtali ba ya fita a hoto in ba wanda ya san shi ya nuna. Saurar da aka bari ta huta, a hoto daji ce. Dokar kiwo ta watan Mayu 2010 ta amince cewa yawon makiyayi haƙƙinsa ne, ta kuma hana wani ya mallake makiyayar jama'a shi kaɗai. Amma doka a takarda take, taswira ma a takarda take, kuma a gaban hukuma wanda ya zo da taswira ya fi wanda ya zo da baki ƙarfi.

Shi ya sa nake ganin abin da ya fi gaggawa ga ƙaramar hukuma irin tamu ba shi da tsada ko kaɗan. Kwamitin kula da filaye, wanda muke kira COFO, ya samu ko da matashi guda da ya iya sauko da waɗannan hotuna na kyauta, ya buga su da girma, ya kai su gaban hakimi da ardo da mai gari da shugabar mata. Su za su ce masa wannan layin burtali ne, nan mashaya ce, wancan tabkin yakan ƙafe kafin watan bakwai, wannan koren da kake gani ba abin kirki ba ne. A rubuta, a sa hannu, a ajiye kofi a ofishin magajin gari. Muna da Jami'ar Djibo Hamani a nan Tawa, akwai sashen nazarin ƙasa a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ga AGRHYMET da ta daɗe tana horar da ma'aikata. Ɗalibin da zai rubuta kundin kammala karatu, maimakon ya kwafo abin da aka rubuta a kan wata ƙasa, a turo shi ya jera hotunan garinsu daga 1972 zuwa bana, ya zauna da tsofaffi su faɗa masa abin da ya faru a kowace shekara. Iyaye kuma, in yaro ya ce lissafi da kimiyyar ƙasa yake so, kada a ce masa ba su da kasuwa.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu juya maganar: maimakon abin da sama ke gani a ƙasarmu, za mu duba abin da take jefo mana. Akwai dutsen da ya faɗo a Tazarzait, arewacin jihar nan, ranar 21 ga Agusta 1991, mai nauyin kilo 110. Akwai kuma wanda aka tsinta a jihar Agadas a 2023, ɓallin duniyar Mars, aka yi gwanjonsa a birnin New York a watan Yuli 2025 kan dala miliyan biyar da ɗoriya, har gwamnati ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Za mu tambaya, dutsen da ya faɗo daga sama na wane ne.